Ɗaliba Ta Arba'in Da Ɗaya

"Na gama magana, Auta. Wanda ba zai iya karanta takardar maganin ɗansa ba, ba zan ɗauki 'yata in ba shi ba."

Wata huɗu ke nan da Baba ya faɗi wannan maganar, amma har yau in Auta ta rufe ido sai ta ga yadda ya cire tabarau ya ninke kafin ya faɗe ta. Baba tsohon hedimasta ne. Shekara talatin da biyu ya yi yana riƙe da alli, kuma duk gidan an san in ya ninke tabarau, to an rufe babin.

Wanda ake maganar a kansa kuwa Kafinta ne, mai shago a bayan tasha. Saurayi ne mai sanyin hali, ba ya gaggawar magana, ba ya gaggawar aiki. Yana aji biyu na firamare mahaifinsa ya rasu, kawunsa ya ɗauke shi ya kai shi shago. Tun daga nan zarto da guduma suka zama littafinsa. Lambobin jikin abin awo ya san su kamar yunwar cikinsa, amma haruffa ko sunansa ba ya iya haɗawa.

Abin dariyar shi ne karatu ne ya haɗa su.

Auta malama ce, sai dai ajinta ba shi da bango. Zaure ne ta buɗe a waya, inda take koya wa matan aure da dattijai karatu da rubutu. Kullum da safe takan ɗauki bidiyon hannunta tana rubuta darasi, ta tura musu, su kuma su yi aikin a gida su ɗauki hoto su turo. Da farko da hannu ɗaya take riƙe wayar tana rubutu da ɗayan, har wata tsohuwa ta turo saƙon murya ta ce, "Malama, haruffanki rawa suke yi, jiri nake ji." Shi ne ta je neman wanda zai yi mata abin ɗora waya.

Kafinta ya auna wayar, ya auna takardar, ya sake aunawa. Bayan kwana uku ya kawo mata wani ɗan tebur mai ƙafa biyu, da rami a sama daidai idon kyamara. Daga wannan ɗan teburin magana ta fara, har ta kai inda Baba ya ninke tabarau.

Tun ranar aka hana shi zuwa gidan. Sai saƙon murya, shi ma a ɓoye.

Yau da rana Auta tana zaune a gefen gado, ta ƙura wa waya ido, ta ware hoton aikin wata ɗaliba da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar. Ba ta ji shigowar Umma ba.

"Wai me kike kallo haka kamar mai neman allura?"

"Umma, zo ki gani don Allah. Ɗalibata ce, ta arba'in da ɗaya."

Umma ta zauna tana gyara mayafi. "Ita ce wadda kika ishe mu da labarinta?"

"Ita fa. Wata uku da shigowarta, Umma, amma ta wuce waɗanda suka shekara. Kuma ko sau ɗaya ban taɓa jin muryarta ba. Sauran in suka fara surutu a zauren sai cajina ya ƙare. Wannan ta ce ɗanta ya yi zazzaɓi, waccan ta ce akuya ta cinye mata littafi. Ita kuwa shiru. Sunan da aka rubuta mata ma Inna ne kawai."

"To ai ba kowa ke son surutu ba."

"Ba shi kaɗai ba. Kullum ƙarfe ɗaya da rabi hotonta yake shigowa. Ba ya gaba, ba ya baya. Sannan dubi takardar. Ba littafi mai layi take saya ba, farar takarda ce take ja mata layi da kanta. Na ɗora rula a kan wayar na gwada, Umma, duk layukan tazararsu ɗaya."

Umma ta karkata kai ta duba. "Ikon Allah. Wannan kamar da inji aka ja."

"Kuma in ta yi kuskure ba ta gogewa. Sai ta ja ɗan siririn layi a gefen kalmar, ta sa alamar gicciye a ɓangaren da ya lalace, ta ci gaba. Na ce mata sau uku ta sayi abin gogewa, ba ta saya ba. Fensirin ma ban gane irinsa ba. In ta ja a kwance ya yi kauri, in ta ja a tsaye ya yi siriri."

"Ke dai kin faye bin diddigi. Tsohuwa ce mai tsabta, shi ke nan." Umma ta karɓe wayar ta kifa a kan gado. "Ni ba wannan ya kawo ni ba. Injiniya zai zo da yamma tare da Yayanki. Ki saki fuska, Auta. Yaron nan me ya rasa?"

Auta ta sunkuyar da kai.

Injiniya abokin Yaya ne. Bai taɓa gina gada ba, shagon kwamfuta gare shi, amma tun da ya fara sa riga mai aljihu uku sunan ya bi shi. Shi ya taya ta buɗe zauren, kuma har yanzu shi ke riƙe da jerin lambobin ɗalibai. Saƙonninsa dogaye ne, masu daɗin karantawa, sai dai Auta ta taɓa ganin ɗaya daga cikinsu, kalma da kalma, a wayar ƙawarta, daga wani saurayin daban.

"Bai rasa komai ba, Umma," ta ce a hankali. "Ni ce dai zuciyata ba ta wajen."

"Tana bayan tasha, cikin garin katako." Umma ta yi ajiyar zuciya. "Ba na ƙin yaron nan, Allah ya sani. Ƙofar kicin ɗin da ya gyara mana har yau ba ta ƙara kuka ba. Amma kin san Babanku. Ya ba ki zuwa ƙarshen wata ki ba Injiniya amsa. Saura kwana tara."

Hawaye suka cika idon Auta. "Umma, na ce masa ya bari in koya masa. Wallahi na ce. Cewa ya yi ba zai iya zama a gabana yana lalube kamar yaro ba. Ya ce gara in tuna shi da guduma a hannu."

"To kin gani. Girman kai."

"Kunya ce, Umma. Ba girman kai ba ne."

Umma ta miƙe, ta dafa kanta, ta fita.

Auta ta goge fuska, ta ɗauki wayar, ta sake kunna saƙon da Kafinta ya turo mata jiya. Muryarsa ta fito a hankali, da ƙarar zarto a nesa.

"Malama, barka da yini. Ya ɗalibai? Ya mutuniyarki mai jan layi? Kina ta yabonta, har na fara kishi. Ki dai bi ta a hankali, tsofaffi kansu ba ya ɗaukar abu da yawa lokaci guda. Wancan darasin na haruffa masu lanƙwasa, ina jin ya yi mata nauyi."

Jiya dariya ta yi da ta ji. Yau sai ta tsaya. Yaushe ta gaya masa ta yi darasin haruffa masu lanƙwasa? Ta yi tunani, ta yi tunani, ba ta tuna ba. Ta ce wataƙila cikin surutunta ne, ta bar zancen.

Ta jawo ɗan teburin ɗora waya don ta ɗauki darasin gobe. Tana ɗora wayar ya karkata. Ƙafa ɗaya ta fara sakin jiki. Ta juya shi ta kifa a cinyarta don ta ga ko ƙusa ce ta fita, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo shi.

Ƙasan katakon ba a shafa masa fenti ba. A jikinsa akwai zanen fensir.

Siririn layi ne, miƙaƙƙe. A gefensa ɗaya, kusa da inda zarto ya bi, ga rabin alamar gicciye. Ta duba ɗaya ƙafar, nan ma haka. Inda fensirin ya bi a kwance ya yi kauri. Inda ya bi a tsaye ya yi siriri.



Ta tuna ranar da ta tsaya a shagonsa tana kallon yana aiki. Ya zaro wani fensir mai faɗi daga bayan kunne, irin wanda ake fiƙewa da wuƙa, ya ja layi, ya sa gicciye a gefe guda. Ta tambaye shi na mene ne. Ya ce, "Ɓangaren da za a yar ke nan. Mu ba ma gogewa, Malama. In ka goge sai ka manta inda ka ɓata."

Ta ɗauki wayar, ta buɗe hoton ɗazu, ta ajiye shi kusa da katakon.

Hannu ɗaya ne.

Dariya ta zo mata, kuka ya riga ta fitowa. Ta rungume ɗan teburin a ƙirji. Wata uku! Wata uku tana zuba masa labarin tsohuwa mai ƙoƙari, yana cewa Allah ya ƙara mata basira. Wata uku tana rubuta wa Inna "Madalla, uwata", ashe gardi ne mai gemu yake karɓa.

Sai kuma ta tuna wani abu. Zauren na mata ne zalla. Da wannan sharaɗin mazajensu suka yarda. Ita da bakinta ta yi musu alkawarin babu namijin da zai ji muryar matansu. Ko Injiniya lambobi kawai yake riƙewa, ba ya ciki.

Ba ta gama wannan tunanin ba ta ji sallamar Yaya a tsakar gida, da wata muryar a bayansa. Tun kafin yamma ta yi.

"Auta! Fito falo, Baba na kira."

Baba yana kan kujerarsa, tabarau a fuska. Yaya a tsaye, ya harɗe hannu. Injiniya ya buɗe kwamfutarsa a kan tebur, ya juyo da ita wajen Baba. Hoton aikin ɗaliba ta arba'in da ɗaya ne, wanda Auta da kanta ta tura wa Injiniya makon jiya don ya buga mata a takarda. Ya ware shi har kusurwar ƙasa ta cika fuskar kwamfutar.

Babban yatsa ne yake danne da takardar. Mai faɗi, farcen ya yi baƙi, irin baƙin da guduma ke bari.

"Baba, ni ba don komai na bincika ba," in ji Injiniya, "sai don mutuncin gidan nan. Da na ga yatsan na ce wannan ba na mace ba ne. Yau ƙarfe ɗaya da rabi na kira lambar. Namiji ya ɗauka. Kuma na san muryar."

"Faɗi mana," in ji Yaya. "Na bayan tasha ne. Ya shiga cikin matan mutane yana sauraron hirarsu. In mazan suka ji, wa za su zaga? Mu!"

Baba bai kalle su ba. 'Yarsa yake kallo.

"Kin sani?"

"Yanzun nan na gane, Baba. Wallahi yanzun nan, ko minti goma ba a yi ba."

"Da me kika gane?"

Sai a lokacin ta lura ɗan teburin yana hannunta. Ta durƙusa ta miƙa masa, ta nuna masa zanen. Baba ya daɗe yana juya katakon, yana kallon kwamfuta, yana komawa kan katakon. Ya sa farce ya bi layin.

"Je ka kira mini shi," ya ce wa Yaya. "Kar ka gaya masa komai, kar kuma ka ɗaga masa murya."

Kafin su dawo Auta ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Umma tana bakin ƙofa, ta kasa shiga ta kasa fita. Injiniya ya matso ya rage murya.

"Ki yi haƙuri, Malama. Na san da zafi. Amma gara yanzu da bayan aure. Ni da zan ɓoye miki abu..."

"Injiniya," ta ce ba ta ɗago ba, "da ka gani, ni ya kamata ka fara kira. Ajina ne."

Injiniya ya ja da baya. Ya koma ya gyara zaman kwamfutarsa.

Da aka yi sallama, mutum uku ne suka shigo. Yaya, sai Kafinta da garin katako a kafaɗarsa da fensir a bayan kunne, sai wata gajeriyar tsohuwa mai kwandon abinci a hannu. Kafinta ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da kafet. Ko sau ɗaya bai kalli inda Auta take ba.

"Na ce shi kaɗai," in ji Yaya, "ta ce ƙafarta ƙafarsa."

"To da wa zai zo?" Tsohuwar ta ajiye kwandon ta zauna. "Malam Hedimasta, ina yini. Ni ce uwarsa. Ni ce kuma ta arba'in da ɗaya, in ana maganar lamba. Waya tawa ce, ga ta." Ta kwance bakin zane ta fito da wata waya mai tsagaggen gilashi.

Baba ya amsa gaisuwar, ya karɓi wayar ya duba saƙonnin da Auta take rubuto wa Inna, sannan ya juya ga Kafinta.

"Rubutun nan naka ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Ka san zauren na mata ne?"

"Na sani."

"To ka shiga ka ji me?"

Kafinta ya buɗe baki, Inna ta riga shi.

"Bai ji komai ba, Malam. Bari in gaya maka yadda ake yi, don ni ce shugabar makarantar. Wayar nan a gefen zanena take kwana. Kullum in na kai masa abincin rana, sai in zauna a kan benci in buɗe. Ban iya karatu ba, amma na san hoton hannun Malama, mai zoben nan. Shi kaɗai nake dannawa in jingina masa a jikin gwangwanin gam. Ya kalla, ya rubuta, in ɗauki hoto in tura, in ɗaure wayata in tafi. Hirar mata kuwa, ni nake shan abata a gida. Mai akuyar nan ma ƙawata ce yanzu."

"Amma shi ya ɗauka da na kira," in ji Injiniya.

"Hannuna duk miya, ɗan nan. In bar ta tana ihu? Ashe kai ne. Ka yi shiru kamar ɓarawo, ko sallama babu."

Umma ta toshe baki da mayafi. Yaya ya juya fuska.

Baba bai yi dariya ba. "Na ji, Inna. Amma aikinsa ne yake zuwa da sunanki. 'Yata tana gyara wa namiji tana zaton mace ce. Matan mutane an yi musu alkawari. Ko bai ji muryar kowa ba, wannan ɓoye-ɓoye ne." Ya dubi Kafinta. "Me ya hana ka zuwa ta ƙofa?"

Kafinta ya sunkuyar da kai. Yana kallon baƙin farcensa.

"Baba, ranar da Malama ta gaya mini abin da ka ce, ban ji haushi ba. Gaskiya ka faɗa. Akwai ranar da Inna ba ta da lafiya, aka ba mu magani kala uku, na tsaya a bakin titi ina neman wanda zai duba mini. Na tare mutum huɗu kafin ɗaya ya tsaya." Ya ci gaba da cewa, "Makarantar manya da ke kusa da mu da safe ake yi, lokacin aiki. Malama ta ce za ta koya mini, na kasa. Ina jin nauyin ta ga hannun nan yana rawa a kan abin da yaro ɗan shekara shida yake yi da wasa. Na ce bari in koya a inda ba ta ganin fuskata, in na iya sai in zo. Ban yi tunanin matan ba, Baba. Kaina kawai na duba. Wannan laifina ne, ba na Inna ba, ba na Malama ba. In za a gaya wa mazajensu, ni zan bi su gida gida."

Auta ta kasa riƙe kanta. "Sau nawa na ce maka ba zan yi dariya ba? Sau nawa?"

"Ba dariyarki nake tsoro ba, Malama." Har yanzu bai kalle ta ba. "Tausayinki nake tsoro."

 

Baba ya sa hannu a aljihun gaba, ya zaro wata 'yar farar ambulan, ta maganin hawan jininsa, wadda mai kemis ya yi wa rubutu layi huɗu da biro. Ya miƙa.

"Karanta mini."

Kafinta ya goge hannu a wando, ya karɓa da hannu biyu. Ya shimfiɗa ta a gwiwa. Sai ya zaro fensirin daga bayan kunne, ya kwantar da shi a ƙarƙashin layin farko kamar mai shirin yanka katako.

Auta ta ƙura wa fensirin ido.

"Ƙwa... ya. Ƙwaya... ɗaya." Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya sauke fensirin ƙasa kaɗan. "Sa... fe. Safe da... yam... ma."

"Yawwa!" in ji Inna.

"Inna, don Allah." Ya sake sauke fensirin. "Ba... yan. Bayan cin... a... bin... ci."

Saura layi ɗaya. Mai kemis ya yi shi da sauri, haruffan sun hau kan juna. Auta ta san abin da ke wurin, don ita take karanta wa Umma in za ta ba Baba maganin. Kowa ma zai iya cankarsa, abin da masu kemis ke faɗa ne kullum. A ranta tana ta roƙo, faɗi kawai, ka ce a rage gishiri, faɗi kawai.

Leɓensa ya motsa. Ya tsaya. Ya matso da takardar kusa da ido, ya mayar. Sannan ya ja ɗan siririn layi a gefen kalmomin, ya sa gicciye, ya miƙa wa Baba ambulan ɗin.

"Nan ban kai ba, Baba. Zan iya cewa wani abu ya dace, amma ba karantawa na yi ba. Ba mu zo rubutun da ake haɗewa ba tukuna."

Injiniya ya yi ɗan murmushi ya kalli Yaya. Auta ta rufe fuska da tafin hannu.

Baba ya dubi gicciyen da aka yi masa a takardar magani. Ya kai hannu ga tabarau. Umma ta runtse ido, don ta san abin da ke biyo baya.

Bai cire ba. Gyara masa zama ya yi a kan hanci.

"Shekara talatin da biyu," ya ce, "yaran da suka ce mini 'ban sani ba' a maimakon su yi canke, ba su cika hannu biyu ba." Ya mayar da ambulan aljihu. "Auta."

"Na'am, Baba."

"Yau ɗin nan za ki gaya wa ɗalibanki abin da ya faru, da bakinki, ba ragi. Wadda za ta fita ta fita. Shi kuma daga yau ya bar ajinki."

"To, Baba."

"Kai kuma, da ka bar ajin, wa zai kai ka layi na huɗu?"

"Babu kowa, Baba."

"Ƙarfe nawa kake rufe shago?"

Kafinta ya ɗago kai a karon farko. "Biyar."

"Biyar da rabi ina nan a kan kujerar nan. Ta ƙofa za ka shigo, ka yi sallama da muryarka. Ka zo da fensirin, na ga yana da aiki. Ni kuma ba na cewa 'Madalla, uwata', ka ji da kyau. Ranar da ka karanta mini layin nan, sai mu yi maganar da ka daɗe kana son yi."

"Baba, to maganar ƙarshen wata fa?" in ji Yaya.

"Ni na sa ta, ni na ɗage ta." Ya juya ga Injiniya. "Ka kyauta da ka lura. Sai dai gobe in ka ga ɓaraka a aikin mutum, shi za ka fara samu. Ka miƙa mata jerin lambobinta, ta riƙe da kanta."

Injiniya ya rufe kwamfutarsa a hankali, ya yi sallama a taƙaice.

Inna ta ɗauki kwandonta. A bakin ƙofa ta tsaya ta kama hannun Auta, ta juya shi ta kalli zoben.

"Ashe ke ce mai hannun. To ki ji, 'yata. Shi aka kora, ba ni ba. Kar ki taɓa mini lamba. Wata uku ina zaune a bencin nan, kina zaton barci nake yi? Haruffa goma sha ɗaya na tsinta a banza."

Kafin magariba Auta ta ɗauki saƙon murya, ta goge, ta sake ɗauka har sau huɗu, sannan ta tura. Zauren ya kama da wuta. Mata uku suka fita a ranar, ɗaya mijinta ne ya cire ta da kansa, kuma wannan ya yi wa Auta ciwo ƙwarai, don matar ta kusa fara haɗa jimla. Mai akuya kuwa cewa ta yi, "Dama na ce tsohuwar nan ta cika iyayi. Ashe da ɗan haya take cin mu!"

Washegari ƙarfe ɗaya da rabi ta yi, babu hoto. Auta ta duba wayar ta ajiye, ta sake dubawa. Biyu ta wuce. Sai wajen uku saura kwata wayar ta yi ƙara.

Ɗaliba ta arba'in da ɗaya.

Bayan kwalin sabulu ne aka yaga. Babu layi ko ɗaya. Haruffa huɗu ne manya manya, sun karkace kamar za su gangara su faɗo, ɗaya ma ya juya baya. A kusurwa ga ɗigon miya.

INNA.

Auta ta yi dariya har da hawaye. Ta rubuta, "Madalla, uwata," ta tura. Sannan ta ɗauki ɗan teburin mai sakakkiyar ƙafa, ta kai falo, ta ajiye shi kusa da kujerar Baba, inda duk wanda ya shigo ƙarfe biyar da rabi dole ya gan shi.